Goyon Delou

Ranar da maigidana ya dawo daga ofis ya ce wani tsohon Bature zai zo gidanmu neman kiɗa, sai da na ajiye ludayin da ke hannuna na dube shi da kyau. A Riyad muke, cikin sanyin shekarar 1994, garin da ko rediyon mota mutum ya ƙure sai an waiwayo an harare shi. Kuma duk gidajen Hausawan garin a rasa inda za a nemi kiɗa sai gidan Issoufou Mamane. Rubuta sunan na yi, bakina bai faɗa ba. Mutum ne da ko a bikin aurenmu kafaɗarsa ba ta motsa ba. Tafinta ne a ofishin jakadancinmu na Nijar, yana guge hankicinsa da kansa wai ni ba na fitar da kusurwa, in yana tafiya kuwa ka ce tiren ƙwai ya ɗauko a ka.

"Wane irin kiɗa, Malam?" na tambaye shi.

"Shi ma bai sani ba, Safiyatu. Abin da ya kawo shi ke nan."

Ga yadda abin yake. 'Yarmu Khadijatu tana makarantar Faransawa, malamarsu ta kiɗa kuma, Madam Odile, ta ji ta ce iyayenta 'yan Damagaram ne. Mahaifin madam ɗin, Emilien Rouvray, ya zo mata hutu. Irin mutanen nan ne masu zama su ƙirƙiri kiɗa su rubuta shi a takarda, daga baya makaɗa cike da zaure su taru su buga. A Damagaram aka haife shi. Yanzu kunnensa na hagu ya mutu, na dama saura kaɗan, likitoci kuma sun gaya masa wanda ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage ma bin sa zai yi. Akwai wani kiɗa da ya ji yana yaro a garinmu, bai san sunansa ba, bai san da me ake buga shi ba, yana so ya sake jin sa sau ɗaya kafin kunnen ya rufe. Ƙarshen wata zai koma ƙasarsu.

Na share falo, na turara shi, na fito da kofunan da ba a taɓa sai da baƙo. Na kuma sake wa ɗan teburin da ke gefen kujera mayafi, na ɗora masa furen roba. Teburin nan turmina ne a kife. Daga gida na taho da shi a jirgi, muka yi ta rigima da Malam a kan nauyinsa, amma sau ɗaya na yi daka a cikinsa. Bene na uku muke a unguwar Ulaya, ban kai ga bugu na goma ba maƙwabciyarmu ta ƙasa, wata 'yar Masar, ta hauro tana "Haram alaiki ya Hajja, rufi zai faɗo mana!" Tun daga ranar na koma injin markaɗe, taɓarya ta shige bayan kabad.

Tsohon ya zo bayan la'asar. Dogo ne siriri, da farin gashi buzu-buzu, da ɗan abin ji maƙale a kunnen dama. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dafa ƙirji ya ce, "Sannu. Sunana Talle."

Iyakar Hausarsa ke nan, amma ta ishe ni.

Sauran labarin da Faransanci ya ba mu, Malam yana juya mini inda ɗan abin da na koya a firamare ya gaza. Mahaifinsa ma'aikacin gidan waya ne a zamanin Faransawa. Mahaifiyarsa zazzaɓi ya ɗauke ta yana jariri, sai aka samo wata mata daga unguwar Birni, sunanta Delou, ta raine shi. Ita ta sa masa Talle, kamar yadda muke kiran yaron da ya buɗe ido bai tarar da uwa ba. Yana shekara biyar aka tura shi Faransa wurin kakarsa, wani ƙaramin gari a bakin teku inda ruwan sama ba ya hutawa. Can wata gwaggonsa mai buga kiɗa a majami'a ta zaunar da shi gaban fiyano da 'yar sanda a hannunta. Kafin shekara ta zagayo Hausa ta zube masa, fuskar Delou ma ta bi ta.

"Abu ɗaya ne ya ƙi tafiya," in ji shi, ya ɗaga hannunsa na hagu yana kallon sa kamar ba nasa ba. "Wannan. Da na shiga babbar makarantar kiɗa a Paris, malamina kullum faɗa yake da shi. Ba ya bin abin da aka rubuta. Faɗuwa yake da nauyi, ya tashi, ya sake faɗuwa, can kuma sai ya tsaya cak a inda babu dalilin tsayawa. An yi horon, an yi zagin, ya ƙi. Daga baya wannan lahanin ne ya yi mini suna. Masana suka ce igiyar teku ce ta garin kakata. Wasu suka ce ƙararrawar majami'a ce, wasu suka ce jirgin ƙasa. Kowa na ce masa haka ne don ya ƙyale ni. Amma ni na sani, kafin in ga teku abin nan yana jikina."

Malam ya shirya wa wannan zama kamar jarrabawa. Ya bi gidajen 'yan Nijar da na 'yan Nijeriya ya aro kaset cike da kwali. Aka sa kalangu, tsohon ya ɗauki rediyon ya manna a kunnensa na dama ya rufe ido, can ya girgiza kai. Aka sa goge, aka sa gurmi, aka sa algaita. Ni na ce tunda mace ce ta raine shi a gwada na mata, aka sa shantu, aka sa kiɗan ƙwarya. A kan na ƙwarya ya ɗan daɗe har na fara murna, sai ya sauke rediyon a hankali ya ce ya yi kusa amma ba shi ba ne. Ya kurɓi shayinsa ya mayar da kofin kan teburina, kusa da furen roba. Ya yi mana godiya sosai, irin godiyar wanda ya riga ya cire rai.

Bayan ya tafi na kasa cin abinci. Baƙo ya zo gidana neman abin garinmu ya fita hannu wofi, wannan ba ƙaramin abin kunya ba ne a wurina.

Cikin makon Madam Odile ta gayyace mu gidanta, wai babanta zai buga mana kaɗan daga abin da ya rubuta, ko za mu tsinci wani abu. Tun a mota Malam ya fara yi mini huɗuba.

"Su fa ba a tafa musu sai an gama gaba ɗaya. Ba a tari, ba a magana, ba a cewa Allah ya ƙara basira a tsakiya."

"Malam, daga daji ka ɗauko ni?"

"Na dai faɗa miki."

Gidan yana cikin unguwar nan ta Turawa mai katanga. Baƙi kaɗan ne, kowa ya zauna ya naɗe hannu. Ban taɓa zama ɗaki ɗaya da fiyano ba, a talabijin kawai nake gani. Baƙi ne wuluk, ya cinye rabin falon, yana sheƙi har kana ganin fuskarka. Tsohon ya zauna a gabansa.

Da ya fara, hannun dama ne kaɗai, siririn sauti yana gangarowa a hankali. Na rantse ban san ɗan Adam yana iya fitar da irin wannan da yatsunsa ba, kuma wai mutumin da ko rabin abin da yake bugawa ba ya ji. Tsoro ya kama ni, irin tsoron da ke kama mutum in ya ga babban abu, na dinga subhanallahi a zuci. Sai hannun hagu ya shigo. Ya faɗi da nauyi, wani bugun mai ɗan sauƙi ya amsa masa, na farkon ya sake faɗuwa, na biyun ya sake amsawa. Suna bin juna, ba mai taka wani. Ina zaune amma na ji gwiwoyina suna lanƙwasa a ƙarƙashin abaya, kuguna yana so ya bi. Can sai mai nauyin ya ɗauke. Shiru, ɗan gajere. Sannan ya dawo.

Karo na farko na riƙe numfashi. Karo na biyu hannuwana suka motsa na danne su a cinya. A karo na uku suka ƙwace, na tafa sau biyu da sauri, daidai cikin shirun.

Duk falon ya juyo. Malam ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, na tabbata da ƙasa za ta tsage da ya riga ni shiga. Tsohon bai ji tafin ba, amma ya gan ni a jikin fiyanon. Ya ɗauke hannuwansa ya juyo gaba ɗaya.

"Madam, me ya sa a nan? Me ya sa ba wani wuri ba?"

Na daburce. Na ce wa Malam, "Ka ba shi haƙuri, ban yi da gangan ba. Gurbin tafi ne kawai, ai taɓarya tana sama."

Sai da maganar ta fita daga bakina na ji abin da na faɗa. Na kama hannun rigar Malam a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba.

"Malam, daka ne! Lugude ne, mata biyu a turmi ɗaya. Wannan ta buga, wannan ta amsa, in hannu ya yi daɗi sai ɗaya ta cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe. Wallahi shi ne."

"Haba Safiyatu," ya ce a hankali. "Kiɗa mutumin nan yake nema. Daka ai aiki ne."

To ka ji inda muka ɓata. Duk wanda aka tambaya, daga jakadanmu har ɗaliban jami'a har ni kaina, da an ce kiɗa sai hankali ya tafi wurin makaɗa. Wa zai tuna da abin da uwarsa take yi kafin ya ci tuwo? Malam ya daɗe kafin ya juya masa maganata.

Aka sa ranar Alhamis, tunda a Saudiyya ba aiki ranar. A bene dai ba za a yi ba, sai muka kama wani lambun dabino mai katanga a gefen Dir'iyya, tsohon garin nan na bayan Riyad, inda mutanen ofis suke zuwa shan iska da iyalansu. Abokiyar lugude kuma na nemo Rekiya, wata Bakatsiniya da ke zaune a unguwar Al-Shifa, mijinta yana karatun shari'a. Tana da taɓarya, da ita take tokare ƙofar kicin. Da na gaya mata a waya dariya ta yi har da tari.

"Yanzu Bature ne zai zauna ya kalle mu muna daka? Yalla, mu je. Ni dai a ba ni rabin garin in yi fura, khalas, shi ke nan."

Na surfe gero da dabara a kicin, na wanke, na tsane. Muka ajiye furen roba a gefe, aka sauko da turmina daga bene na uku aka sa a bayan mota.

Lambun yana ƙarƙashin tsoffin ganuwar ƙasa na Dir'iyya, jajaye, sun zaizaye, da na ɗaga kai sai na ga kamar Birni. Tsohon ma ya daɗe yana kallon su. Aka shimfiɗa tabarma, Madam Odile da Khadijatu suka zauna, Malam ya tsaya gefe da farin yadinsa mai sitaci ya harɗe hannu a baya. Ni da Rekiya muka ɗaure mayafi a kugu, na zuba geron, muka yi bismillah.

Da fari mun yi karo sau biyu, shekaru sun yi yawa. Sannan hannu ya tuna. Na buga ta amsa, na buga ta amsa, ƙasa tana ɗauka, tattabarun da ke kan dabino suka watse. Na cilla taɓarya na tafa na cafe, Rekiya ta yi guɗa ƙasa-ƙasa. Khadijatu da ba ta taɓa ganin uwarta haka ba ta miƙe tsaye tana cewa da Larabci, "Yumma, esh hada?", wato Inna, mene ne wannan?

Tsohon ya matso. Ya murɗa abin kunnensa. Ya ƙara matsowa, ya durƙusa ya juya kunnen dama wajen turmin har na ji tsoron taɓarya ta same shi. Ina kallon fuskarsa ina jiran ta washe, ta ƙi. Da muka tsaya shan iska ya miƙe da ƙyar, ya yi magana, Malam ya juya.

"Ya ce shi ne, idonsa ya shaida. Amma can nesa yake jin sa, kamar ana buga ƙofar wani gida. Ya ce ko da yana yaro ma ba haka yake zuwa masa ba. Ba ta kunne yake shiga ba." Malam ya dubi inda tsohon ya dafa. "Ya ce ta nan yake shiga, ta ƙirji da ciki. Ya ce wataƙila ya makara, kuma ya gode."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mun samo abin, ga shi a gabansa, amma ya ƙi isa gare shi. Rekiya ta jingine taɓaryarta tana share gumi, sai ta ce, "Ikon Allah. To ai a goye yake. Wace mai raino ce za ta ajiye jariri a ƙasa ta yi daka? A bayanta yake jin sa."

Gaskiyarta. Duk wanda aka goya ya san wannan ko bai tuna ba. Ƙirjin yaro a manne da bayan uwa, kumatunsa a tsakanin kafaɗunta, duk bugun da ta yi ta jikinta yake bi ya shige nasa. Malam ya juya masa, tsohon ya gyaɗa kai a hankali. Mun gane maganin, mun kuma gane ba mai bayar da shi. Ni matar aure, Rekiya matar aure, shi kuma duk tsufansa namiji ne baƙo. Ko a gida ba za a yi ba, balle a Riyad. Shi ma ya gane, don har ya fara neman hularsa.

Sai na ga Malam ya cire agogo ya miƙa wa Khadijatu. Ya cire hula. Ya tuɓe babbar rigar nan mai sitaci ya ninke ta, kusurwa a kan kusurwa, ya ajiye a tabarma. Ya miƙa wa Rekiya hannu.

"Malama Rekiya, ara mini taɓaryar."

Rekiya ta dube ni, na dube ta. Namiji da taɓarya, a gaban matarsa da 'yarsa da matar wani! A garinmu da wannan labarin za a binne shi.

"Malam," na ce, "ka san me kake yi kuwa?"

"Shekarar da Inna ta karye a hannu ba mu da mace a gida," ya ce, bai kalle ni ba. "Rufe ƙofar zaure nake yi in yi dakan. Zuba geron, Safiyatu."

Shekara goma sha shida muna tare ban taɓa jin wannan ba. Na ƙara gero. Ya gyara tsayuwa, ya ware ƙafa daidai yadda ake warewa, ya waiwaya ya yi wa tsohon magana da Faransanci, sannan ya ƙara da Hausa, "Zo, Baba Talle. Kama ni da kyau."

Tsohon ya zo ta baya. Ya fi Malam tsawo, sai da ya ranƙwafa. Ya zagaye shi da hannuwa, ya manna ƙirjinsa, ya kwantar da kumatunsa a tsakanin kafaɗun mijina, ta ɓangaren kunnen da ya mutu. Ya rufe ido.

Malam ya buga, na amsa. Ya buga, na amsa. Wallahi ko karo ɗaya ba mu yi ba. Hannunsa yana da nauyi, yana saukowa a tsakiyar turmi, gwiwarsa tana lanƙwasa a kan lokaci, tsohon kuma yana hawa yana sauka tare da shi. Ina ganin yatsun hannunsa na hagu a kan ƙirjin Malam, sun fara motsi, suna danna singileti ɗaya bayan ɗaya kamar yadda suka danna fiyano. Na rasa wanda zan kalla a cikinsu. Madam Odile ta rufe bakinta da hannu biyu, Rekiya da ta zo dariya tana ta salati.

Can na ga Malam ya ja numfashi. Ya miƙe a kan yatsun ƙafa ya cilla taɓaryar sama, bayansa ya ɗaga tsohon tare da shi, ya tafa sau biyu ya cafe. A cikin ɗan shirun nan tsohon ya yi wani sauti, ban san ko kuka ba ne ko dariya. Hawaye ya jiƙa bayan singiletin. Sannan ya yi magana, idonsa a rufe, da wata 'yar murya da ba ta dattijo ba, kuma ba da Faransanci ba.

"Inna, ƙara."

Mutumin da ya ce mana Hausarsa ta zube tun yana ɗan shekara shida. Malam ya dube ni ta saman turmin, idonsa ya yi ja.

"To, Talle," ya ce. "Riƙe ni."

Geron ya zama gari tun tuni, ya yi laushi har yana tashi yana sauka a kan girarmu. Ba wanda ya ce a kwashe. Ya buga, na amsa.